Yoyon Kafireto a Tsohuwar Mota: Sabubbansa da Hanyar Gyaransa

Wanda ya saba zama a bakin hanyar Baga ta wajen unguwarmu ta Umarari, yana lura da ababen hawan da ke kai da komo, ya san cewa ko da yake Keke Napep da motocin zamani sun mamaye Maiduguri, har yau ba a rasa tsohuwar Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, ko dai a-kori-kura ɗauke da buhunan wake da kwalayen banda, ko kuwa ta wani dattijo da ya saya tun yana aikin gwamnati, ya kuma ƙi rabuwa da ita. An fara ƙera wannan mota a Faransa a 1968, sa'an nan kamfanin PAN, wanda ya soma harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har wajen 2006, bayan Faransawa da kansu sun daɗe da dainawa. Tare da ita akwai Volkswagen mai siffar kunkuru, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, da Land Rover irin ta zamanin En'e, wadda jefi-jefi ake tarar da ita a bayan gidan wani an lulluɓe da tamfol. Dukansu abu guda ya haɗa su, shi ne kafireto, kuma ciwon da ya fi kama kafireto a tsufansa shi ne yoyo.

Dalilin rubuta wannan bayani kuwa shi ne, tun farkon shekarun 1990 masu ƙera motoci a Turai suka koma ga injekta, saboda haka yaran da suka shiga gareji a bayan nan sun buɗe ido da kwamfuta da fuka-fukan wayoyi, kuma da yawansu ba su taɓa warware kafireton mota sun mayar da hannunsu ba. Ilmin ya saura a ƙirjin tsofaffin kanikawa, sai kuma masu gyaran janareta da masu gyaran Keke, wanda ya zama abin hawan talaka tun da aka hana babura a birnin nan a 2011. Mai tsohuwar mota, idan bai san kome game da wannan sashe ba, yakan faɗa hannun wanda zai shafe masa wurin da gam, ko wanda zai ce masa a jefar a sayo sabo, alhali sau da yawa abin da ya lalace bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba.

Wajibi ne mu fara da sanin aikin abin, domin wanda bai san yadda abu yake a lafiyarsa ba, ba shi da hanyar gane rashin lafiyarsa. Inji ba ya ƙona fetur zalla. Sai an gauraya shi da iska bisa mikidari sananne, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur idan an auna da nauyi. Kafireto shi ke wannan gauraye. A tsakiyarsa akwai maƙogwaro wanda aka matse a wuri guda, kuma idan fistan ya zuƙo iska ta bi ta wannan matsi, sai gudunta ya ƙaru, ƙarfin dannawarta ya ragu, ta tsotso fetur daga wani ɗan bututu da ke leƙowa cikin maƙogwaron. Wani masani ɗan Italiya mai suna Venturi ne ya bayyana wannan ɗabi'a ta ruwa da iska a ƙarshen ƙarni na 18, kuma sunansa ake kiran matsin da shi har yau. Fetur ɗin kuwa yana jira ne a cikin wani kofi da ke gefen maƙogwaron, kuma sharaɗin aikin duka shi ne tsayin mai a cikin wannan kofi ya tsaya a haddi guda, ƙasa kaɗan da bakin bututun, kada ya hau kada ya sauka. Masu tsaron wannan haddi biyu ne: fulota, wadda ke yawo a saman mai, da allura, wadda fulota ke turawa ta toshe ƙofar shigowar mai idan kofi ya cika, kamar dai ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa a tankin saman gida. Wannan tsari ya kafu tun 1893, shekarar da Wilhelm Maybach a Jamus ya fitar da kafireto mai feshi da kofin fulota, kuma bai sauya a asalinsa ba har aka daina yayinsa.

Idan mai karatu ya riƙe wannan, ya riƙe rabin mas'alar, domin mafi yawan abin da ake kira yoyo, a haƙiƙa ambaliya ce: allura ta kasa toshe ƙofa, famfo yana ta turo mai, kofi ya cika ya batse, sai mai ya nemi mafita ta kowace kafa, ta bakin gasket, ta ramin numfashin kofi, ta cikin maƙogwaro, har ya sauka a kan faifan totur ya tsattsafo ta gefen sandarsa. Mutum ya ga jiƙa a gindin kafireto, ya ɗauka can ne illar take, alhali tana sama.

Alamomin ba su ɓuya. Warin fetur yana tarbarka idan ka buɗe ƙofa da safe. Mota tana shan mai fiye da al'adarta. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Ba ta riƙe sulo, sai ta yi ta rawa ta mutu a mahaɗar hanya. Idan ta yi zafi aka kashe ta, sai ta ƙi tashi sai an danne totur har ƙasa. Idan ka kwance fulogi ka same shi baƙi ƙirin, wani lokaci a jiƙe. Akwai kuma alamar da mutane ke gafala da ita, wato baƙin mai ya ƙaru a kan sandar awo maimakon ya ragu, ya tsinke, yana warin fetur. Wannan tana da hatsari ƙwarai, gama fetur ɗin da ya gangara ta jikin silinda yana wanke maiƙon da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma injin da aka ci gaba da tuƙawa a haka, ƙarshensa saukewa. Sai dai a yi ihtiyaɗi wajen hukunci, domin robar famfon mai idan ta huje ita ma tana zubar da fetur cikin baƙin mai, kafireto kuwa ba shi da laifi.

Kafin a taɓa kome, maganar wuta ce kan gaba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana rarrafe har ya tarar da garwashin mai shayi ko murhun mai ƙosai da ke can nesa, wutar kuma ta biyo shi ta dawo. Don haka a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, da sanyin safiya, inji a huce, a cire kan batir na nagatif, a ajiye abin kashe gobara mai hoda ko bokitin yashi kusa da hannu, kada kuwa a yarda da mai taba a wurin ko da shi ne mai motar. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, domin fetur yana hawa kan ruwa ya bi shi ya bazu. A Land Rover kafireto yana zaune ne bisa bututun hayaƙi mai zafi, a Volkswagen kuwa yana maƙwabtaka da distiributa da dainamo masu tartsatsi, ga shi injin yana baya, direba ba ya ganin hayaƙi sai mutanen titi sun yi masa ihu. Akwai kuma al'adar da nake roƙon 'yan'uwa kanikawa su bari, ta tsotsar fetur da baki a fesa a kan abin da ake wankewa. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini, kuma kurɓi guda idan ya sarƙe ya shiga huhu yana iya kwantar da ƙato.

Tahkikin inda yoyo ya fito shi ne matakin da ya fi kowanne, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa saboda gaggawa. A cire matacin iska, a goge jikin kafireto da tsumma har ya bushe sarai, a barbaɗa masa hoda ko garin alli tun daga bakin tiyo har gindi, a mayar da kan batir, a tayar da inji na minti ɗaya ko biyu, a kashe. Fetur ƙasa yake gangarawa, saboda haka wuri mafi tsayi da hoda ta jiƙe shi ne mafarin yoyo, abin da ke ƙarƙashinsa duk sawu ne. Da an kashe inji, sai a haska tocila cikin maƙogwaro: idan mai yana ɗiga daga bututun nan alhali inji a tsaye yake, to ambaliya ce, babu shakka. Kada a kuskura a sa fuska bisa maƙogwaro inji yana aiki ko ana ba shi ki, gama yakan yi atishawa ya watso harshen wuta.

Idan hoda ta nuna bakin tiyo, an yi sa'a. Zafin Borno yana busar da roba ta tsattsage, musamman a ƙarƙashin kilif, kuma maganinsa sabon tiyo na fetur na ainihi, mai zare a cikinsa, da kilif mai sukuru. Farar robar nan ta awon gini da ake samu da arha takan ƙandare cikin 'yan watanni, waya da aka murɗa da filaya kuwa yanka tiyo take yi. Inda mai ke shiga ta noti mai rami, akwai washa ta faiba a kowane gefe, kuma ba a mayar da tsohuwa. Masu Volkswagen su lura da wani abu na musamman: ɗan bututun tagulla da tiyo ke kamawa cusa shi aka yi cikin murfi, babu zare, kuma da tsufa yakan yi sako-sako ya fice, famfo ya feshe injin da fetur. Motoci masu yawa irin wannan sun ƙone ta wannan sababi, kuma abin da ke gaggauta shi shi ne rataya matacin mai tsakanin famfo da kafireto, nauyinsa yana girgiza bututun dare da rana. A girgiza shi da yatsa. In ya motsa, sai an kafe shi kafin motar ta sake hawa titi.

Idan kuwa ambaliya ce, sai a sauke kafireto. A ɗauki hotonsa da waya ta kowace fuska kafin a zare kome, a cire igiyar totur da ta cok da ƙaramin tiyon da ke zuwa distiributa, a kwance notocin gindi, a cusa tsumma mai tsabta a bakin manifol, domin washa guda idan ta faɗa ciki, sai an buɗe kan inji. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, a jera duk abin da aka cire bisa tartibin fitowarsa. Ƙasar Maiduguri rairayi ce, kuma jet, wato ɗan sukuru mai rami da mai ke bi, ko ɗan ƙwallon ƙarfe na famfon totur, idan ya faɗi a rairayi, ya tafi ke nan. Sukundireba ya zama daidai bakin sukuru, domin jet tagulla ne mai taushi, jikin kafireto kuwa gaurayen tutiya ne wanda zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo.

Da an ɗage murfi, kafin a zubar da abin da ke cikin kofi, a tsaya a karanta shi, domin shi ne shaidar da za ta faɗi asalin ciwon. Jan gari kamar na bulo tsatsar tanki ce. Yashi mai laushi ƙurar hunturu ce, ko kuwa guzurin da mai ya zo da shi daga jarkar 'yan bumburutu. Baƙaƙen ɓarɓashi cikin tiyo ne ke ruɓewa. Ɗigo-ɗigo masu yawo a ƙasan mai ruwa ne, gama ruwa ya fi fetur nauyi, kuma idan ya daɗe a kwance yakan ci tutiya ya bar farin gari da ramuka. Wannan na ƙarshe ya yawaita a garin nan tun ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba 2024, wadda ta nutsar da unguwanni masu yawa tare da motocin da ke cikinsu. An sauya baƙin mai, an busar da kujeru, amma tankuna da yawa ba a sauke su ba, kuma tsatsar da ta fara a lokacin ita ce take isowa bakin allura yau. Ƙwayar tsatsa guda, wadda da ƙyar ido ke gani, ta isa ta hana allura zama.

Daga nan sai allura. A kafireton Solex, wanda galibin Fijo da Volkswagen ke ɗauke da shi, allura da gidanta a haɗe suke, ana ɗaura su a cikin murfi. A wanke, a sa guntun tiyo mai tsabta a bakin shigar mai, a hura: murfi yana daidai iska ta wuce, idan an tura allura da yatsa a hankali ta tsaya cak. In ta ci gaba da tsiyaya, ko aka ga zobe ya fito a kan tsinin allurar inda ta shekara tana bugun gidanta, to ta gama aiki, a sauya su tare. Wasa tsinin da samfefa ba ya haifar da kome sai ƙarin yoyo. Allura mai kan roba kuma takan kumbura ko ta taurare idan ta sha gurɓataccen mai, irin wanda ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 mai yawan sinadarin metanol, wanda ya lalata robobin motoci da dama.

Fulota kuma a girgiza ta kusa da kunne. In an ji motsin ruwa, ta huje ta sha mai, ta yi nauyi, ba ta iya tasowa ta tura allura. Ramin yakan yi ƙanƙanta har ido ya kasa gani, sai a nutsar da ita a ruwan zafi wanda aka sauke daga wuta aka kawo nesa da murhu, iskar cikinta za ta buɗe ta fito da kumfa daidai wurin hujin. Ta tagulla tana gyaruwa a hannun mai gyaran lagireto, bisa sharaɗin a fitar da fetur ɗin ciki sarai a bar ta ta bushe kafin a kusantar da ita ga zafi, kuma dalmar da za a ɗiga ta zama kaɗan ƙwarai, domin nauyin fulota ƙididdigagge ne, kuma dalma mai yawa tana mayar da ita gidan jiya. Ta roba ba ta da gyara. A duba kuma ƙusar da take lilo a kanta, kada ta zama ta cinye ko ta lanƙwashe.

Saita haddin mai shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne gwani ke rabuwa da mai kwaikwayo. Kowane kafireto da awonsa, wanda ke rubuce a littafin motar ko a takardar da ke zuwa cikin kwalin kayan gyara, kuma da ma'auni ake bin sa, ba da ƙiyasin ido ba. A kafireton Zenith 36IV na Land Rover, ana kifa murfi a auna daga fuskar gasket zuwa ƙololuwar fulota, kimanin milimita 33, a gyara ta hanyar lanƙwasa ɗan harshen da ke taɓa allura. A Solex kuwa kaurin washar da ke ƙarƙashin gidan allura shi ke hukunta haddin: mai kauri tana sauko da allura ta rufe da wuri, mai ya tsaya ƙasa, siririya kuma akasin haka. Sau da yawa bakanike yakan sauya allura ya sa duk washar da hannunsa ya kai gare ta, mota ta ci gaba da ambaliya, a ɗora wa sabuwar allura laifi. Wasu kuma, don gudun yoyo ko neman tsimin mai, sukan sauke haddin ƙwarai, sai mota ta riƙa shiƙa idan an taka, inji ya riƙa zafi, bawul ya ƙone a hanyar Damaturu. Tsimin da ke ƙona bawul almubazzaranci ne.

Akwai wani sababi da ba a cikin kafireto yake ba, ya kuwa yawaita a zamanin nan. Famfon Fijo na asali, wanda inji ke motsawa, ƙarfin turawarsa kaɗan ne, wajen bar 0.2 zuwa 0.3, kuma daidai wannan aka yi allura da fulota. Idan ya mutu, aka ɗauko famfon lantarki na motar injekta, wanda ke turawa da wajen bar 3, wato ninki goma, babu allurar da za ta iya tsayar da shi. Wanda zai sa famfon lantarki, ya nemi mai ƙaramin ƙarfi da aka yi domin kafireto.

Sauran wuraren yoyo ba su da wuyar fahimta. A gefen Solex akwai ɗan murfi mai sukuru huɗu, a ƙarƙashinsa robar famfon totur, wadda ke tsarta mai idan an taka. In ta tsage sai ɗigo ya biyo kowace takawa, kuma sauyawa kawai ake yi. Murfin kofi kuma yakan bauɗe saboda ɗaurin ganganci na shekaru, har sabon gasket ya kasa rufe giɓin, kuma Zenith na Land Rover ya yi suna a wannan. A shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, a ɗiga kananzir, a riƙa zagaya fuskar a hankali, ana dubawa, har ta yi haske bai ɗaya, sa'an nan a wanke ƙwarai. A wannan Zenith a sauya har da zoben roba da ke cikinsa. Jet da hanyoyin mai a wanke su da maganin feshi na kafireto a bi da iskar kamfuresa. Lambar da ke kan jet na Solex faɗin raminsa ce bisa kashi ɗari na milimita, wato mai lamba 55 ya ɗara rabin milimita da kaɗan, kuma wanda ya zura masa waya ko allurar ɗinki ya faɗaɗa shi, ya ɗora wa mai motar harajin fetur na kullum, a lokacin da tun cire tallafi a Mayun 2023 kowace lita sai an yi shawara kafin a saya.

Game da gam da silikon da sabulu, hukuncina a fili yake. Sabulu dabarar matafiyi ce da tankinsa ya huje a daji, ya isa gari da ita, kuma iyakarta ke nan. Silikon kuwa fetur yana jiƙa shi ya saki, guntayensa su gangara su toshe jet ko su maƙale a bakin allura, su haifar da ainihin ciwon da aka so a warkar. Gasket a bushe ake sa shi. In ba a samu na kanti ba, a yanka daga takardar gasket ta gaske, a huda dukan ƙananan ramukan da ke jikin tsohon, domin kowannensu hanya ce. Kwalin sukari ba ya wannan aiki. A ɗaura sukurori kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sa'an nan kishiyarta, a tsaya da zarar sun kama.

Wata mas'ala kuma ta shafi ƙasarmu musamman. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, mota takan zo daga tafiya a kashe ta, iska ta daina ratsa injin, zafi ya taru a ƙarƙashin bonet, fetur ɗin kofi ya tafasa, domin sassansa masu sauƙi suna fara tashi tun a wajen digiri 35 zuwa 40. Sai ya yi kumfa ya malala cikin maƙogwaro, a ji wari, mota ta ƙi tashi, ga allura da fulota lafiya lau. A nan abin dubawa shi ne farantin nan mai kauri da ke raba gindin kafireto da manifol don tare zafi, wanda wasu ke cirewa su yar saboda sun ɗauka ba shi da amfani, da kuma hanyar da tiyo ya bi, kada ya zama ya jingina da ƙarfe mai zafi.

To, yaushe ne sauyawa ke zama wajibi? Idan jiki ya tsage, ko ruwa ya cinye hanyoyin ciki har suka haɗe, ko zaren da ke riƙe gidan allura ya mutu mutuwar da ba ta gyaruwa. Ramin sandar totur da ya faɗaɗa yana tsakiya: yana shigar da iskar da ba a auna ba, sulo ya ƙi zama, amma mai injin gurza ƙarfe yana iya sa masa bushin na tagulla ya dawo daidai. In ban da waɗannan, ra'ayina shi ne kafireton da mota ta fito da shi daga kamfani ya fi cancanta a gyara, domin an zaɓi jet ɗinsa ne daidai da injinta. Wanda ya zama dole ya saya, ya tafi kasuwa da tsohon a hannu. Lambar farko da ke jikinsa, kamar 34 a Solex, faɗin maƙogwaro ce da milimita. Galibi Fijo mai inji lita 1.8 tana da maƙogwaro ɗaya, mai lita 2 kuwa biyu, kuma ba sa hawa manifol ɗin juna. A gwada tazarar ramukan gindi, da ɓangaren da totur ke ja, da irin cok, na hannu ne ko mai aiki da kansa, da bakin tiyon distiributa. Ɗan Beljiyam tsoho ne shi ma, sai an buɗe an yi masa duk abin da muka ambata. Sabo na kwaikwayo kuma a buɗe shi tun kafin a ɗaura, a wanke ɓarɓashin ƙira, a auna fulota, a gwada lambobin jet da na tsohon, in sun saɓa a mayar da na asali. Tsohon kuwa a nannaɗe shi a ajiye, gama kayan cikinsa suna ƙara wuyar samu kowace shekara.

Gyaran bai cika ba sai an toshe hanyar da dattin ya biyo, in ba haka ba bayan mako biyu a sake kwancewa. A sauke tanki a wanke, a busa bututun da ke tahowa daga baya, a sa sabon matacin mai kafin famfo, a wanke ko a sauya matacin iska, kuma idan baƙin mai ya yi warin fetur a zubar da shi tare da filtarsa kafin a yi tafiya. Sa'an nan a tabbatar fulogi da kwantak da taimin suna daidai, domin ba a saita kafireto a kan wutar da ta karkace. A murɗa sukurun gauraye ciki a hankali har ya taɓa, ba tare da matsawa ba, a dawo da shi zagaye biyu zuwa biyu da rabi, a tayar da inji a bar shi ya yi ɗumi. Daga nan a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan ana saurare har a kai inda inji ya fi sakin murya, a daidaita sulo da nasa sukurun wajen juyi 800 zuwa 900 a minti. A sake barbaɗa hoda, a zagaya unguwa, a dawo a duba, a kuma duba bayan minti goma da kashewa, lokacin da zafi ke taruwa. Washegari da safe a bi sukurorin murfi da notocin gindi a ɗan ƙara musu, domin sabon gasket yakan kwanta bayan zafin farko. Motar da za a ajiye fiye da wata biyu kuwa a zubar da man kofinta, gama fetur idan ya bushe a ciki yakan bar danƙo mai kama allura, ko dai a buɗe ko a rufe.